Kanari da bakteriyar gologo: mi ya raba su?

Tela (Sabon Gari):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yarona na kwalej ne aka ba su aikin gida, wai su kwatanta abu biyu masu rai: ƙaramin tsuntsu mai waƙa da bakteriyar ruwan ƙazanta. Ya rubuta layi guda, cewa tsuntsu yana tashi, bakteriya ba ta tashi. Mushe, wato malaminsu, ya ba shi 3 cikin 20, ya ce ya sake. Ni keken ɗinki na iya. Masu ilimi ku agaza mana.

Mai Kanari (Bagalam):
Wa alaikumus salam. Ai yaro bai yi ƙarya ba, wallahi mushen nan ya yi rowar maki. Ni mamakin tambayar ma nake. Mi ya haɗa kifi da kaska? Kanari yana da ido, yana da kunne, ya san mai ba shi gero, in na shigo gida tun daga zaure yake fara tsalle. Ɗayan kuma datti ne mai motsi. Ka ce ma yaron ya rubuta: wannan halitta ce cikakka, waccan kuwa ƙazanta ce. Shi ke nan.

Mushen Kimiyya:
Malam Mai Kanari, in ya rubuta haka ko ukun ma ba zai samu ba. Malam Tela, abin da malaminsa ke nema yana can ƙasa da fuka-fuki. Jimina ba ta tashi, amma tsuntsuwa ce. Bakteriya kuma iska tana ɗibarta cikin ƙura ta kai ta inda kanari bai taɓa zuwa ba. Saboda haka tashi ba ya raba gardama.

Ga inda aka rabu. Duk mai rai da ƙwayoyin halitta aka gina shi. Jikin kanari biliyoyinsu ne, kowace ƙungiya da aikinta: na jini, na tsoka, na ƙwaƙwalwa, na gashi, na hanji. Ƙwayar da ke cikin hantarsa ba ta iya rayuwa ita kaɗai, sai huhu ya kawo mata iska, hanji ya kawo mata abinci. Bakteriya kuwa ƙwaya guda ce tak, kuma ita ce duka dabbar. Ci, numfashi, fitar da dauɗa, haihuwa, duk cikin wannan ƙwaya ɗaya ake yin su.

Abu na biyu, ko ƙwaya da ƙwaya aka ajiye ba iri ɗaya ba ne. Ta tsuntsu tana da cibiya a tsakiya, an kewaye ta da fata, a ciki aka adana ADN, wato abin da ke ɗauke da gado. Ta bakteriya ba ta da wannan cibiya, ADN ɗinta zobe ne guda a sake cikin ruwan jikinta. A wannan rabo, kanari da mutum da kuka da naman kaza duk gefe ɗaya suke, bakteriya tana wancan gefen. Wato kanarin Malam ya fi kusa da gawon da ke gonarka a kan bakteriyar da ke cikin hanjinsa.

Hajiya (Zariya):
Mushe, tsaya. Ƙwaya ɗaya ba baki ba ciki, to ta ina take ci? Kuma nawa girmanta yake da har ba a gani?

Mushen Kimiyya:
Hajiya, ta fatarta take ci. Abincin da ya narke cikin ruwa yana shiga ta ƙananan ƙofofin da ke jikin fatar. In abincin ya yi mata girma, sai ta fitar da sinadari ya narkar da shi a waje, sannan ta tsotse. Girma kuwa, ɗauki E. coli, wadda wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya fara bayyanawa a 1885, kuma tana da yawa a ruwan kwata. Tsawonta kamar kashi 2 cikin dubu na milimita. Sai an jera 500 kai da gindi kafin a cika milimita guda a kan ma'aunin Malam Tela. Baiwar Allah da ke shigowa tsakar gidanki tana tsintar tsaki, wajen santimita 10 ce, nauyinta bai wuce giram 10 ba, amma a gaban bakteriya duniya ce guda.

Haihuwa ma haka. Baiwar Allah sai namiji da mace sun haɗu, su yi sheƙa a jinka ko a ramin bango, ta saka ƙwai uku zuwa shida, su yi kwanci wajen kwana 11 ko 12, su ciyar da ƴaƴa sama da sati biyu. E. coli ba miji ba mata. Ta kwafi ADN ɗinta, ta tsage biyu. In ta samu ɗumi da abinci yadda take so, minti 20 ya ishe ta. Ku yi lissafi: cikin awa 7, ɗaya ta haura miliyan 2. Kuma in ta tsage, ba a ce ga uwa ga ɗiya, uwar ce ta zama biyu.

Mai Kanari (Bagalam):
To ai ka kawo ni inda nake so. Abin da ba ya da uwa ba ya da uba, wa zai koya masa wani abu? Duk mai kiwon kanari a garin nan ya san cewa waƙa koyonta ake yi. In ka samu ɗan tsako ka ajiye shi ɗaki shi kaɗai, zai yi kuka, amma kukan banza, ba tsari. Sai ka rataye kejinsa kusa da tsohon namiji mai murya. Da farko sai ka ji yana ƴan gunaguni ƙasa-ƙasa, yana kuskure, yana maimaitawa, har ranar da zai buɗe murya ka ce wani aka canza maka. Masu gasa ma har kunna masu waƙar wani gwani suke yi a waya. Kuma namiji ne mai yi, macen ba ta cika ba. A lokacin da yake zubar da gashi kuwa shiru zai yi maka, ko mi ka ba shi. Mushe, a nuna mani bakteriyar da ta taɓa zama gaban malami.

Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko:
Baba Mai Kanari, a nan kam kimiyya tana bayanka ɗari bisa ɗari. Wani Bature a Kambirij, William Thorpe, ya gwada abin da ka faɗa a shekarun 1950: ya rena ƴaƴan tsuntsu inda ba su jin manya, waƙarsu ta fito gurguwa. Kuma halittun da ke koyon sauti da kunne kaɗan ne. A tsuntsaye akwai masu waƙa, da aku, da wasu ƙanana masu shan ruwan fure a Amurka. Kaza da kurciya da kukansu aka haife su.

Abin da ya fi burge ni wurin da muryar ke fitowa. Mu a maƙogwaro take. Su a can ƙasa cikin ƙirji, daidai inda bututun iska ya rabu biyu zuwa huhu. Kowane gefe yana da nasa tsokoki, saboda haka tsuntsu guda yana iya fitar da sauti biyu a lokaci ɗaya. Shi ya sa wani lokaci za ka rantse biyu ne cikin kejin.

Shirun lokacin zubar da gashi ma an bincika shi. Fernando Nottebohm na Jami'ar Rokafela a Niyok ya nuna a farkon shekarun 1980 cewa sashen ƙwaƙwalwar kanari mai kula da waƙa yana girma a lokacin aure, ya ragu bayansa, kuma sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna tsirowa a kan babban tsuntsu. Kafin nan yawancin masana sun ɗauka ƙwaƙwalwa in ta girma ba ta ƙara sabuwar ƙwaya. Nasa kanarin na Turawa ne, wanda asalinsa tsibiran Kanariya, ɗan uwan namu mai rawayan goshi.

Ga kuma wani na gida. Ku lura da wani ɗan tsuntsu baƙi wuluk mai sheƙi da ke bin baiwar Allah. Macensa ba ta yin sheƙa, cikin ta baiwar Allah take zuba ƙwai. Ɗan da aka ƙyanƙyashe yana da zanen cikin baki irin na ƴaƴan gidan, sai a ciyar da shi ba a gane ba. In ya girma, waƙar uban riƙonsa yake yi, macen da ta tashi a irin wannan gida kuma shi take nema. An taɓa sa ƙwan a sheƙar wani tsuntsu daban, ɗan ya tashi da waƙar wancan.

Manomi (Jiratawa):
Kuna ta yabon tsuntsu don ba ku da gero a gona. Jan baki ma cikin masu waƙar yake, ko ba haka ba ɗiyata? In garkensu ya sauka a gona da safe, kafin azahar sai kara. Yara su wuni suna kaɗa gwangwani suna ihu. Ni dai bakteriya ba ta taɓa cinye mani damin gero ina kallo ba.

Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko:
Haka ne Baba, danginsu ɗaya, kuma ana ƙiyasta jan baki ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya, wajen biliyan ɗaya da rabi. Amma cokali guda na laka daga gologo yana iya ɗauke da bakteriyar da ta kai wannan adadi.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa (Maradawa):
Na bar ku kunka yi ta yi. Mai Kanari, kai ƙanena ne, bari in faɗa maka. Kai ka ce datti ce mai motsi. To ita ce ke cinye dattin. Da babu ta, da duk abin da mutanen Maradi sunka zubar tun da anka hau tudu bayan ambaliyar 1945 yana nan jibge yadda yake.

Kun san zarnin da ke tashi bayan bango. Amoniya ce. Kanarinka in ya shaƙe ta da yawa mutuwa zai yi. Akwai bakteriya, Nitrosomonas, da wannan zarnin shi ne tuwonta. Ba ta buƙatar gero ba ta buƙatar nama. Amoniya take ƙonawa ta samu ƙarfi, jikinta kuma ta gina shi da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Abin da ta bari, wata ta ɗauka ta mai da shi nitrat, wanda shi ne abin da shuka ke sha. Wani Barashe, Winogradsky, shi ya gano wannan wajen 1890. Manomin Jiratawa, takin uriya da kake saye da tsada, kafin masararka ta amfana da shi yawanci sai ya bi ta hannunsu. Sannan in iska ta ƙare a ƙasan laka, wasu kuma su karɓi nitrat ɗin su yi numfashi da shi maimakon oksijin, su mai da shi iskar azot, wadda ita ce mafi yawa cikin iskar da muke shaƙa, ta koma sama.

Ku dubi wannan da kyau. Duk tsuntsun duniya, daga jimina har baiwar Allah, hanya ɗaya gare su: su ci abin da wani mai rai ya gina, su shaƙi oksijin. Ka hana kanari iska minti kaɗan ya tafi. Ka hana shi abinci kwana ɗaya ko biyu ya tafi, don jikinsa wuta ce, zafinsa digiri 40 zuwa 42, zuciyarsa tana bugawa ɗaruruwa a minti guda. Su kuwa hanyoyinsu ba su ƙirguwa. Mai numfashi da nitrat, mai numfashi da farar wuta, mai cin man mota, mai rayuwa da hasken rana.

Turawa sun gane haka tun 1914. Wasu mutum biyu a Manchesta, Ardern da Lockett, sunka ga cewa in ka hura iska cikin ruwan ƙazanta, bakteriya na taruwa dunƙule-dunƙule, su cinye dauɗar, su kwanta ƙasa, ruwa ya washe a sama. Sai ka kwashi wannan lakar ka mayar cikin sabon ruwa. Har gobe da wannan dabara manyan biranen duniya ke wanke ruwansu. Injin iska kawai yake ba su, ma'aikatan su ne.

Mai Kanari (Bagalam):
Yaya, na ji, ma'aikata ne. Jaki ma ma'aikaci ne. Amma ba ta san tana yi ba. Ba ta ji, ba ta gani, ba ta kiran ƴar uwarta.

Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko:
Sani irin na mai ƙwaƙwalwa kam babu, Baba, ba ta da jijiya ko ɗaya. Amma kiran ƴar uwa akwai. Kowace tana sakin wani sinadari kaɗan cikin ruwa, tana kuma auna yawansa. In ya yi yawa, alama ce an taru, sai duk su canza hali tare: su yi yauƙin nan da ke manne a bangon kwata da cikin jarka, ko su fara sakin dafi. An fara gano wannan a wata bakteriyar teku mai haske, wajen 1970. Da yawansu kuma suna da ɗan bulala mai juyawa da suke iyo da shi, suna bin inda abinci ya fi yawa.

Koyo kuwa, suna da abin da ya fi koyo ban tsoro. Kanari ADN ɗin da ya gada daga uwa da uba shi ke nan har ya mutu. Bakteriya tana iya miƙa wa maƙwabciyarta guntun ADN, ko da ba irinta ba ce. In ɗaya ta samu dabarar jure wani magani, sai ta raba. Kuma ruwan kwata yana cikin wuraren da wannan musaya ta fi ci, inda na asibiti da na mahauta da na gidaje duk suke haɗuwa.

Tela (Sabon Gari):
Allah ya saka da alheri. Mushe, ko za ka haɗa mana shi a taƙaice yaron ya kwafa?

Mushen Kimiyya:
A'a Malam Tela, ba ni yi masa aikin gida. Ba shi wayar ya karanta, ya rubuta da hannunsa. In ya kwafa malaminsa zai gane, mu ma muna ganewa.

Malamar Asibiti (Madarunfa):
Baba na Maradawa, ina girmama maganarka, amma kada a yabi ruwan gologo har mutane su saki jiki. Mu da muka ga kwalara ta 2018, wadda ta faro daga nan yankin Madarunfa da damina, da wadda ta dawo a 2021, mun san ɗayar fuskar. Ita ma bakteriya ce, Vibrio cholerae, lanƙwasasshiya, mai bulala ɗaya. Ba ta shiga jini ma. A hanji take zama ta saki dafi, hanji ya yi ta zubar da ruwa, babban mutum ya bushe cikin awoyi. Taifot ma ta wannan hanya take zuwa. Masu cin zarnin da masu kisan cikin ruwa ɗaya suke, ido ba ya raba su.

Tunda ana maganar bambanci, ga wanda ya shafi aikina. Bakteriya tana da bango mai tauri a bayan fatarta, ƙwayar tsuntsu da ta mutum ba su da shi. Penisilin da danginsa irin amoksisilin wannan bangon suke hana ginawa, sai ta fashe. Shi ya sa maganin ke kashe ta ya bar mai shan. Da ƙwayoyinmu iri ɗaya ne da nata, da babu antibiyotik. Kuma shi ya sa kafson da ake buɗewa a zuba wa kaji in annoba ta shigo lokacin sanyi ba ya hana su mutuwa. Wannan ciwon na kaji yawanci birus ne, shi ba bango gare shi ba, rigakafi ne maganinsa. Abin da kafson ke yi kawai, ya kashe raunanan bakteriyar hanjin kazar ya bar masu taurin kai, su fito cikin kashi, ruwa ya wanke su zuwa kwata, su je su yi rabon da ɗalibarmu ta faɗa.

Wanda zawo ya kama: lita ɗaya na tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba shi ana kan hanyar asibiti.

Malam (Mokoyo):
Allah ya ƙara sani. Ina da tambaya ga Malama. A karatunmu, ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai canza ba. Ruwan gologo kowa ya san hukuncinsa, baƙi ne, yana wari. To ruwan rijiya garai-garai, ba wari ba launi, shi ma kuna cewa a ji tsoronsa?

Malamar Asibiti (Madarunfa):
Allah gafarta Malam, hukuncin alwala naku ne, ba ni shiga. Amma na sha, e, a ji tsoro. Ruwa yana iya ɗaukar dubban bakteriya a kowane kurɓi yana nan fari tas, sai sun kai miliyoyi a ɗan ɗigo kafin ya fara gurɓacewa a ido. Rijiyar da ke kusa da salanga, musamman a ƙasan gari wajen gulbi inda ruwa ke kusa, da damina abin da ke cikin wannan yana tsiyaya zuwa waccan. Shi ya sa a ɗakin gwaji E. coli ake nema. Yawancin irinta ba su cutarwa, cikin hanjin kowa suke, amma ganinta shaida ce bayan gida ya taɓa ruwan. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, a ruwan sha kada a samu ko ɗaya cikin mililita 100. A tafasa, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs a jira rabin awa.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa (Maradawa):
Kun ga inda sunka yi aiki iri ɗaya, E. coli da kanari, wato aikin ba da gargaɗi. Masu haƙar kwal a Ingila da kanari suke shiga rami cikin keji. Huhun tsuntsu ba irin namu ba ne, yana da jakunkunan iska a jiki, iska na ratsa huhun ta hanya ɗaya ko yana shaƙa ko yana fitarwa, ga shi yana numfashi da sauri. Saboda haka mugunyar iska shi take fara kayarwa. In ya faɗo daga kan sanda, kowa ya gudu. Sai 1986 anka daina, na'ura ta karɓe shi.

Kuma wannan ya kai ni ga masu yasar salanga da rijiya, don ana rasa rayuka a nan. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke fitowa in an buɗe rami, aikin bakteriyar nan ne masu numfashi da farar wuta inda ba oksijin. Guba ce. Mugun halinta, in ta yi yawa hanci ya daina jin ta, mutum ya ɗauka ta wuce. Gubar ta fi iska nauyi, a ƙasan rami take kwanciya. Na farko ya faɗi, na biyu ya shiga ceto ya faɗi. A buɗe rami a bar shi ya sha iska sosai, kada a shiga ba igiya a ƙugu, kada a shiga ba mutane a sama, in wani ya faɗi a jawo shi da igiya, kada a bi shi.

Mushen Kimiyya:
Malam Mai Kanari, zauna da kyau, ga wadda za ta ɓata maka rai. Cikin kusan kowace ƙwaya ta jikin kanarinka akwai wasu ƙananan abubuwa, mitokwandiriya, su ke ƙona abinci da oksijin su ba shi ƙarfin tashi da waƙa. Tsokar ƙirjinsa cike take da su. Waɗannan abubuwa suna da nasu ADN daban, zobe ne irin na bakteriya. Tsagewa biyu suke yi irin na bakteriya. Girmansu ma kusan ɗaya. Wata masaniya Ba'amurkiya, Lynn Margulis, ta kafe a 1967 cewa asalinsu bakteriya ne da suka shiga cikin wata ƙwaya tun da daɗewa suka zauna. An yi mata dariya, mujallu da yawa suka ƙi buga aikin. Da aka iya karanta ADN sai aka ga ita ke da gaskiya. Namu ma haka suke, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsu.

Mai Kanari (Bagalam):
Mushe, kana nufin waƙar da ke tashe ni da asuba bakteriya ke hura ta? Allah ya sawwaƙe. Wannan ka bar ma ƴan kwalej.

Malam (Mokoyo):
Mai Kanari, ba abin tashin hankali ba ne. Wanda ya halicci babba shi ya halicci ƙarami, kuma ya fi mu sanin yadda ya haɗa su.

Manomi (Jiratawa):
Ni a dawo da ni ƙasa. Mu nan da ruwan rijiyar burtsatse muke ban ruwa, amma na san masu lambu a bakin gari da ke jan ruwan kwata su zuba wa salati da kabeji, kuma wallahi ganyen ya fi namu kore. Baba na Maradawa, tunda ka ce suna wanke ruwa, ke nan ba laifi?

Tsohon Ma'aikacin Ruwa (Maradawa):
Da laifi babba. Koren gaskiya ne, ruwan cike yake da taki. Amma wankewar tana son lokaci da wuri, ba a cikin kwata mai gudu take faruwa ba. A ƙasa mai rana irin tamu ba sai an sayi injin Manchesta ba. Tafkuna ake ginawa a jere. Na farko mai zurfi, mita uku ko fiye, dauɗa ta kwanta, marasa son iska su ci. Na biyu mai faɗi marar zurfi, gansakuka ta yi kore a sama tana ba da oksijin da rana, bakteriya na ci a ƙasa suna ba ta abinci. Na ƙarshe bai wuce mita ɗaya ko ɗaya da rabi ba, rana ta ratsa shi ta kashe masu cuta, ƙwan tsutsar ciki ya nutse. Sati uku zuwa huɗu ruwa na tafiya a hankali. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 1989 don ban ruwan ganyen da ake ci ɗanye shi ne kada bakteriyar bayan gida ta wuce 1,000 a mililita 100. Ɗanyen ruwan kwata yana ɗauke da miliyoyi. Fili yake so da mai kula, kuma fili a bakin Maradi yanzu kun san kuɗinsa. Kafin a samu, mai lambu ya zuba a gindin shuka kada ya watsa a ganye, ya tsai da ban ruwan kwana kaɗan kafin ya yanka, masu miyar da ake dafawa su sunka fi dacewa da irin wannan ruwa a kan salati.

Hajiya (Zariya):
Ni abin da ke ɗaure mani kai, kullum ina ganin baiwar Allah da gwara suna sha a gologon ƙofar gidanmu, garau suke. Jikana ya taɓa ruwan nan ya kai baki, sai asibiti.

Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko:
Inna, waɗanda suka mutu ba kya ganinsu, kyanwa ta riga ki. Amma gaskiya ne yawancin bakteriya masu cuta suna da wanda suka saba da shi. Ta taifot mutum kaɗai take kamawa. Akasin haka ma akwai: Campylobacter ta fi jin daɗi a digiri 42, daidai zafin jikin tsuntsu, tana zaune a hanjin kaza ba ta dame ta ba, in ta shiga yaro sai zawo har da jini. Salmonella kuma tana kashe ƙananan tsuntsayen su kansu, musamman inda suke taruwa ci wuri ɗaya. Saboda haka randa da tulu a rufe, in an shanya tsaki ko garin tuwo a sa ido.

Mai Kanari (Bagalam):
To ni duk sati nakan buɗe kafso in ɗiga kaɗan a ruwan shansu don kariya. Tun ubangidana haka yake yi, kuma tsuntsayensa sun yi shekaru.

Malamar Asibiti (Madarunfa):
Baba, don Allah ka daina. Lafiyayyen tsuntsu ba ya son magani, kaɗan-kaɗan ɗin nan kuma shi ne ya fi horar da masu taurin kai. Canza ruwan kullum, wanke kofin da sabulu har yauƙin ya fita, ka shanya shi a rana. In za ka share kejin ka yayyafa ruwa tukuna don kada busasshen kashin ya tashi ka shaƙa, akwai ciwon huhu da ake ɗauka ta nan. In wani ya kumbura gashi ya daina ci, ka ware shi ka kai ma likitan dabbobi.

Mai Kanari (Bagalam):
Wanke kofi na yarda. Kafso kuwa sai na yi shawara da ƴan ƙungiyarmu ranar Juma'a, don in tsuntsu na ya mutu ba Malama ce za ta biya ni ba.